Fitilar da Ta Mutu a Rijiyar Zonkwa

Shekara takwas ke nan da rasuwar abokina Chukwuma, wanda duk Kafanchan ta sani da Baba Walda, kuma har yau in na tuna shi dariya ce take riga hawaye zuwa. Aikin jirgin ƙasa ya kawo iyayensa daga gabas, a nan aka haife shi, a nan ya yi walda har ya yi ritaya. Ni kuwa tuƙin babbar mota ya kai ni Kumasi da Yamai da Duwala. Na iya roƙon ruwan sha da harshe biyar, amma sai a shagonsa na san cewa iskar da nake shaƙa tun haihuwa ba iri ɗaya ba ce.

Mutumin ya iya nuna abu. Zai kunna tsinken tsintsiya, ya hure shi, saura ɗan ja a baki, sannan ya ɗan buɗe tukunyar oksijin da yake walda da ita. Nan take tsinken ya sake kamawa. Ya ce wannan ita ce abincin wuta da na huhu, kuma kaɗan ce a cikin iska, mafi yawa naitirojin ce. Wata rana ya jiƙa farar ƙasa ta shafen ɗaki, ya tace ruwan garau, ya ba ni kara in hura. Ina hurawa ruwan ya koma fari kamar nono. Wannan, in ji shi, kabon dayoksaid ce da muke fitarwa, nauyi gare ta, rami take son kwanciya. Ni wasa na ɗauke shi.

A ƙarshen shekarun tamanin, gab da Ista, na ja shi zuwa Zonkwa. Ƙanena Danladi, gwanin haƙa rijiya, zai yashe ta gidan surukansa, mai zurfin gaba bakwai. A wajenmu kafin a shiga tsohuwar rijiya sai a cinna wa damin ciyawa wuta a jefa ciki, don korar maciji da kunama. Haka muka taso muka gani. Danladi ya jefa nasa, ya jira hayaƙi ya washe, ya ɗaura igiya a ƙugu.

Chukwuma ya riƙe igiyar. Da Hausarsa ta barikin jirgi ya ce, "Danladi, ba ka shiga sai fitila ya shiga."

"Oga Walda, kai ƙarfe ka sani. Rijiya nawa ka taɓa haƙawa?"

Surukai na tsaye, ga mata sun leƙo, Danladi ya cika ya yi fam. Duk da haka aka kawo fitilar ƙwai, aka zura. Gaba ɗaya, gaba biyu, tana ci. A ta uku harshen ya ƙanƙance, ya mutu. Danladi ya ce kalanzir ne ya ƙare. Aka jijjiga, cike take. Aka sake zurawa, ta sake mutuwa daidai wurin. Sai Chukwuma ya ce wutar da muka jefa ta cinye abin shaƙa, ta bar mana mai nauyin a ƙasa. A nan na tuna cewa a ƙasar Ashanti na ga masu tonon zinariya suna tura fitila gaba, na zaci don gani ne.

Chukwuma ya ari laimar surukar Danladi, ya buɗe ta, ya ɗaura mata igiya. Muka yi ta zurawa muna jawowa don kwaso muguwar iskar, muna karɓa-karɓa, har kafaɗa ta ƙage. Da yamma fitila ta sauka har ƙasa tana ci. Mata suka yi guɗa kamar an kawo amarya, Danladi ya shiga ya yi aikinsa ya fito.

Da Chukwuma yana nan yau, da ya sha murna. Jikata da ke karatu a kwalejin Gidan Waya ta zo tana ba ni labarin ruwan farar ƙasa kamar sabon abu. Ga jar tukunyar kashe gobara a ƙananan bas na Zonkwa, na san sai ya tsare direba ya tambaye shi abin da ke ciki. Kuma na san ransa zai ɓaci in ya ji har yanzu akwai ƙauyukan da ake jefa wuta a rijiya.

Danladi bai taɓa ce masa na gode ba. Wata uku ma bai gaishe shi ba, wai ya kunyata shi gaban surukai. Amma da Chukwuma ya rasu, aka ce ya bar wasiyya a binne shi a Kafanchan, Danladi ya sauka daga motar farko da diga da shebur a kafaɗa. Matasan coci suka miƙa hannu, ya hana. Shi kaɗai ya haƙa kabarin.

Shagon walda yanzu tayoyi ake sayarwa a ciki, jirgin ma sai jefi-jefi muke jin kukansa. Abin da ya rage mini na Chukwuma shi ne ƙanena, da furfurarsa da jikokinsa, yana zaune ƙarƙashin mangwaro yana rantsuwa cewa ko ya shiga a ranar da lafiya zai fito. Ina barinsa ya yi ta musu. Numfashin musun ma wani ne ya ajiye masa.