Turare Arba'in a Kan Idon Ruwa

Talata ce, cikin Fabrairu. Ƙarfe shida Kefeyin ta hura wuta, ta ɗumama tuwon masara da ganye. Shida da rabi ta zura takalman robarta, ta ɗauki littafi da sandar awo, ta gangara rafin da ke ƙasan gonarsu, a bakin dajin Oku. Bakwai da kwata ta dawo, laka har ƙwauri.

Mahaifinta, Pa Mkong, malamin lissafi mai ritaya, yana bakin ƙofa da kofin shayi.

"Sarauniyar kwaɗi! Talakawan naki sun tashi lafiya?"

"Tara na samu, Baba. Bara war haka ashirin da uku ne. Ruwan ko tsawon yatsana bai kai ba."

"Ai rani ne."

"Bishiyoyinka ne dai. Ga littafin, duba."

"Bishiyoyin da suka kai ki jami'a? Nene, fito ki ji 'yarki! Ta ƙoshi, ta koma zagin tukunya."

Daga kicin uwar ta ce, "Ku cire ni a ciki. Taurin kanku ɗaya."

Ƙarfe takwas ta tafi sakandaren da take koyar da ilimin halittu. Biyu ta dawo, ta taya uwarta tsince wake. Huɗu ta hau acaɓa za ta garin Kumbo sayen ma'aunin sanyin ruwa. A gangare birki ya tsinke. Ta rasu tana da shekara ashirin da tara.

Shekarar da aka haife ta Pa Mkong ya dasa bishiyoyin turare arba'in kewaye da idon ruwan rafin. Ya sare ya sayar, kututture ya sake toho, da haka ta yi karatu. Ita kuwa tun tana yarinya hankalinta na ga wani ɗan kwaɗo ruwan ƙasa mai ja a ciki, wanda bai fi babban yatsa ba. Ba ya rayuwa sai a ruwan dutse mai sanyi, mai gudu, mai haske. A jami'a ta tarar da sunansa cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu: gonaki na cin daji, maganin feshi na shiga ruwa, ga wata cutar fata da ke kashe su.

Shekara bakwai tana fama. Ta haƙa wa matan unguwa rami nesa da rafi, suka daina wanke tankin feshi a ruwa. Masu shanu suka yarda da mashaya ɗaya can ƙasa. Mutum ɗaya ya gagare ta, mahaifinta. Kullum tana ce masa turare na shanye idon ruwan, in rafin ya ƙafe rani guda, kwaɗin sun tafi ke nan. Shi kuwa bai taɓa buɗe littafin ba.

Sai bayan makoki ya buɗe. Kowace Talata kwanan wata, zurfin ruwa, yawan kwaɗi. Ya ɗauko takarda da rula ya zana, kamar yadda yake yi a allo. A shekara ta uku layin ya tashi sama, ya yi rani biyu a can, sannan ya soma sauka. Ya san shekarar. A cikinta ya sare rabin bishiyoyin ya sake rufin gida. Sau uku ya bi lissafin yana neman kuskure. Ya samu guda ɗaya, a tarawa. Da ya gyara, maganarta ta ƙara ƙarfi.

Ya aika aka kira Ndifon mai injin yankan katako.

"Pa, duka arba'in?"

"Har saiwa."

"Saboda kwaɗo? Ko miya ba ya yi!"

"Kai ma a aji ba ka yi miyar ba, na haƙura da kai. Tayar da injinka."

Da damina ta faɗi, shi da Nene suka dasa itatuwan daji a gurbin. Rani na farko babu wani canji. Na biyu, ruwa ya rufe yatsa ya wuce, kwaɗi goma sha huɗu. Pa Mkong ba ya cewa sun tsira, cutar tana nan, daji kuma bai daina raguwa ba. Abin da yake cewa, sha huɗu ya fi tara.

Sai a lokacin suka iya taɓa kayanta. Tufafi aka raba wa 'yan'uwa, littattafan karatu aka kai makarantarta. Takalman robar sun yi wa Pa Mkong kaɗan, amma sun shiga ƙafar Nene daidai. Duk Talata, shida da rabi, ita ke shiga ruwa tana ɗaga duwatsu tana faɗin adadi, shi yana zaune a gaɓa yana rubutawa. Saura shafi talatin da ɗaya a littafin. Ya riga ya sayo wani irinsa.