Musayar Gilashi da Malam Sahabi

Ranar Talata, 9 ga watan Nuwamba, 1982, da hantsi, ina ƙofar shagona a Safana ina shanya hotunan fasfo a kan igiya, sai wani direban a-kori-kura da ya taso daga Batsari ya rage gudu, ya leƙo ta taga ya ce, "Jafaru, abokin sana'arka ya cika." Bai faɗi suna ba, ni ma ban tambaya ba. Daga Safana har Batsari mu biyu ne ke ɗaukar hoto, ni da Malam Sahabi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, kuma ga shi an fara kiran layinmu. An ce ciwon ciki ne na kwana huɗu ya zama sanadi.

Malam Sahabi, na zo jana'izarka, kuma tunda da kai nake magana ba zan yi maka ƙarya ba. Da aka idar da salla na waiga na ƙirga sahu. Sha ɗaya na samu. Akwai malaman makaranta, akwai mahauta, akwai manoman Wagini da suka bar dawa a yashe a gona, ga Fulani sun tako da ƙafa daga rugagen Babban Duhu da sandunansu a kafaɗa. Hawaye na zuba a idona, zuciyata kuma tana tambayata ko ni zan sami sahu uku. Ka ga irin abokin da Allah Ya haɗa ka da shi. Shekara ashirin ina ƙyashinka, ranar da aka sa ka a ƙasa ma ƙyashin bai ba ni hutu ba.

Tare muka koyi aikin nan a Katsina, a hannun ubangida ɗaya, shekara biyu bayan samun mulkin kai. Ka girme ni da shekara huɗu, amma na fi ka hannun wankin hoto, wannan kai ma ka sha faɗa a gaban mutane. Hotona ba ya dishewa, ba ya ja. Duk da haka in aka ajiye nawa da naka a tabarma, naka ake ɗauka. Mutanen cikin hotona sukan tsaya ƙiƙam kamar an kira su gaban alƙali, naka kuwa sai ka ce yanzu za su amsa sallama.

Na san yadda kake aiki, raina shi kawai na yi. Ba ka taɓa ɗaga kyamara kafin a gama gaisuwa ba, ko da gaisuwar za ta cinye hasken yamma. Na tuna Kaka, tsohuwar nan ta Wagini da ɗanta ke aikin soja a kudu ya aiko yana son hotonta. Sau uku ka je. Zuwan farko ta ja mayafi ta rufe fuska, ka zauna ka taya ta ɓarar gyaɗa ka dawo. Na biyu ma haka. A na uku ita da kanta ta ce a ɗauko mata kujera. Da labarin ya iso ni na ce wannan ɓata man babur ne. In za ka Kano sayen fim sai ka biyo ta Safana ka tambayi abin da nake buƙata. In ruwan wankinka ya ƙare sai ka turo mini masu fasfo da sunana a bakinsu. Ni ban taɓa tura maka ko mutum ɗaya ba, nakan ce su dawo jibi.

Da kuɗin Udoji na ƙarin albashin ma'aikata suka fito, kowane malamin makaranta da akawu yana son a ɗauke shi a kan sabon babur, da rediyo a rataye. Aiki ya buɗe, mu biyun muka sayi kyamarar da ake cire wa gilashin gaba a sa wani. Gilashinmu iri ɗaya ne, gajere, wanda muke kira zum: ka murɗa shi ya buɗe ya kwashe mutanen zaure gaba ɗaya, ka murɗo shi ya zuƙo fuskar mutum ɗaya. Da shi ake cin abinci a biki da suna da taron makaranta.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne hotunanka na Fulani. Ni in na doshi ruga da kyamara, mata su juya baya, maza su sauke malfa a kan ido. Kai kuwa bangon shagonka cike yake da su. Akwai na Arɗo Yero, shugaban rugar da ke bayan Babban Duhu, yana dariya har dasashi, hannunsa a wuyan farin bijimi. Wasu ma'aikata suka gani suka buga shi a kalanda, da sunanka a ƙasa. An aiko mini da kalandar. A bayan ƙofa na rataye ta.

A 1977 ka sauke farali, ka dawo daga Makka da dogon gilashi, baƙi, ya fi taƙi guda, mai zuƙo abin da ke nesa ya ajiye maka shi a gaban hanci. Ranar da na zo yi maka barka ka ɗora mini shi a ido, na hango wata mata tana tallan nono a can ƙarshen layi, har ƙudan da ke bakin ƙwaryarta na gani. Nan take na yanke hukunci cewa ga asirin. Na ce a raina daga nesa kake sace su ba su sani ba. Na mantar da kaina cewa hoton Yero ya girmi zuwanka Makka da shekara biyu. Mai ƙyashi ba ya duba kwanan wata.

Da damina ta gaba ka faɗi da babur a rafin Wagini, ruwa ya shiga gajeren gilashinka ya yi hazo. Ka zo Safana ka same ni, bayan mun gaisa ka kwance dogon daga cikin tsumma ka ajiye a kan benci.

Ka ce, "Jafaru, na san idonka na kan wannan abu. Ni gajere nike nema, kai kana da shi. In kana so mu yi musaya, ga shi. Amma in shawarata za ka bi, kada ka ba ni. Wanga na hange ne, ba ya ciyar da gida."

Na ce, "To mi ya sa ka sawo shi, Malam?"

Ka yi dariya ka ce, "Kwaɗayin ido. Sau huɗu na ɗora shi."

Mako uku na yi ina juya maganar. Hankali ya nuna mini komai filla-filla. Ɗakunan mutanenmu ƙanana ne, zaurukansu matsattsu, dogon gilashi kuwa sai ka ja da baya sosai kafin mutum biyar su shiga cikinsa. Yana da nauyi, hannu ya ɗan motsa hoto ya ɓaci. In rana ta yi sanyi ba ya samun isasshen haske. Duk na sani. Uwargidana Sa'adatu, wadda ba ta taɓa riƙe kyamara ba, ta ce mini mutum ba ya ba da fartanya ya karɓi gora. A ɗaya gefen kuma ba abin da ke akwai sai kalandar bayan ƙofa. Abin da ya kammala ruɗa ni shi ne gaskiyar da ka faɗa. Na ce ai wayo ne, wa zai kushe kayansa in ba yana son ya riƙe abinsa ba? Da ka yabe shi da na ƙi. Da ka kushe shi sai na hau babur na kawo maka nawa har Batsari, ina murna na yi maka dabara.

Aikin farko da na yi da shi bikin sunan ɗan hedimasta ne. An jera dangi a tsakar gida, na duba, mutum uku kaɗai suka shiga. Na ja da baya, na ƙara ja, har na tsallake danga na tsinci kaina a garken awakin maƙwabci ina kiran a matso a haɗe. Har yau akwai masu ce mini mai hoton akuya.

Wannan abin dariya ne. Na rugar Yero ba na dariya ba ne. Na je da sassafe ban yi wa kowa sallama ba, na hau wani dutse da ke hangen garke, na kwanta a kan ciki na saita gilashi. Ina ta ɗauka ina jin daɗi, ga nagge ga maraƙi kamar in taɓa su. Ban yi tunanin yadda ni nake a idonsu ba: baƙo a laɓe a kan dutse, ya nuna garke da baƙin ƙarfe, yana bin shanu ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suka yi shekaru suna ɓoye shanu daga masu ƙirgar jangali, mutanen da ko ɗan'uwa ba ya tambayarsu yawan garke. Kafin in sauko samari sun zagaye dutsen. Ba su taɓa ni ba. Yero ya iso ya dube ni ya ce, "Wa ya aiko ka ƙirga?" Na rantse, bai saurara ba. Cikin kwana biyu suka tattara suka nausa cikin dajin Rugu ana tsakiyar damina, suka bar gonar geron da suka shuka. Maraƙi biyu sun mutu a hanya.

Kai ka bi su. Kwana uku ka yi a daji, ka kai wa Yero fim ɗin da ka karɓa daga hannuna, ya ƙone shi da kansa. Ka ce masa ni ƙanenka ne, wauta ce ba mugunta ba. Sun dawo kafin kaka. Ba ka taɓa tayar mini da zancen ba, abin da ka ce kawai shi ne, "Hangen Dala ba shiga birni ba ne, Jafaru. Kawo shi ka amshi naka." Na ce ina jin daɗinsa. Ka sake tayi bayan shekara, na sake ƙi. Na gwammace in koma kan tsohuwar kyamarar fasfo, ina kallon bukukuwan Safana suna tafiya Batsari neman mai hoto, da in buɗe baki in ce ka yi gaskiya. Alherin da ka yi mini a dajin Rugu ma sai ya zama wani abin jin haushi, don ya ƙara maka tsawo a kaina.

Ranar addu'ar uku, Usaini, yayan maiɗakinka Bara'atu, ya ja ni gefe ya miƙo mini ƙunshin tsumma. Tun kafin in kwance na gane nauyinsa. Ya ce ka bar wasiyya a mayar wa Jafaru gilashinsa, wai aro ka ɗauka, ba musaya ba. Shekara huɗu yana hannunka, babu ko ƙwarzane. Sannan ya ce Bara'atu na da roƙo. Sun zazzage shago, sun buɗe kowane kwali, hotunan mutane dubbai, amma naka babu sai ɗan fasfon aikin hajji da hatimi ya cinye rabin fuska. 'Yarka Hansatu shekararta uku. Uwar na tsoron ta tashi ba ta san fuskar ubanta ba. Ko ina da wani?

Ina da shi, kuma na ji kunyar yadda na same shi. Bara waccan, ranar kasuwar Batsari, na laɓe a bayan rumfar masu gishiri na saita ka da dogon gilashin, don in kama abin da kake yi wa mutane da ni ban iya ba. Na wanke hoton na duba, na jefa shi ƙasan akwati da takaici, don ban ga asirin komai ba. Jiya na ciro shi. Kana tsugune a kara, gefen shanu, kusa da Yero har gwiwarku na gugar juna, ka karɓi ludayin fura daga hannunsa, kana dariya. Kyamarar tana rataye a bayanka, ko murfinta ba ka cire ba. Shekara biyu hoton nan na akwatina yana gaya mini abin da nake nema, ni kuwa ina duban hannunka in ga wane maɓalli kake dannawa. Shi ne hoto mafi kyau da na taɓa ɗauka, kuma ko a nan kai ne ka yi kyan.

Na wanke shi babba na sa a gilas, gobe zan kai wa Bara'atu. Dogon gilashin ma zan haɗa da shi, tunda ka ce aro ne, ya zama na magada. Gajeren na mayar da shi a kyamarata. Ranar Juma'a zan je rugar Yero in yi masa gaisuwar rashinka, ta ƙofa, da sallama, in kuma ba shi haƙurin da ban taɓa ba shi da bakina ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Bara'atu, Allah Ya ba ta haƙuri da juriyar takaba, Ya raya Hansatu da yayyenta Ya yi musu albarka. Haka nan ina miƙa ta ga Usaini da dukan dangi, da Arɗo Yero da jama'arsa, da mutanen Batsari da Wagini da Babban Duhu, waɗanda fuskokin iyayensu ke rataye a ɗakunansu saboda haƙurin mutumin nan.

Allah Ya jiƙanka, Malam Sahabi, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ka tafi ban roƙe ka gafara ba, ina roƙon Allah Ya yafe mini abin da na riƙe maka a zuci ba da laifinka ba. In tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Na san ko a can za ka fi ni daraja, kuma wannan karon ba zan yi gardama ba. Abin da nake roƙo kawai a bar ni in zauna kusa da kai, don na gaji da hangenka daga nesa. Amin.

Jafaru Mai Hoto, Safana.