Bakin Baba na motsi, babu murya

Kai jama'a, yau murnata ta koma ciki, wallahi!

Kun san tsohuwar ordinatar marigayi Babana, wato kwamfutarsa? Hamadu mai gyara a babbar kasuwa, da yake kira na Peti, wato ƙaramin yaro, ya ce, "Peti, wannan tsohuwa ba ta ɗaukar sabon sistem, ƙyale ta." Na ce zai gani! Na sa kile, wato filashin USB mai ɗauke da sabon sistem, na tsallake gargaɗin da ta nuna, sistem ya hau! Na yi ihu, har na turo muku hoto.

Sai ga Inna. "Abdu, kunna min Babanka." Kowace Juma'a sai ta kalli bidiyonsa na Sallah, inda yake tsokanar ta.

Na danna. Ga Baba yana dariya, baki na motsi. Babu murya! Sabon sistem bai san lasifikar tsohuwar na'ura ba. Na kashe, na kunna, shiru.

Na ce, "Inna, yi haƙuri, zan gyara."

Ta ce, "Bar shi." Ta matso tana bin leɓensa, tana faɗi a madadinsa: "Hajiya, sukarin shayin nan ya tafi garin Ngong ne?"

Ta yi dariya. Sannan ta rufe fuska da mayafi.

Don Allah, wa ya iya mayar da tsohon sistem?