Ranar da Na Wanke Mashin Don Masu Dubawa

A shekarar da tumatirina ya yi kyau fiye da na kowa a layin kanal ɗinmu na ban-ruwa, a shekarar ne masu duba lafiyar ababen hawa suka kafa sansani a kan babban titi. Duk mashin ɗin da ba shi da takarda, sai a ɗora shi a bayan mota a tafi da shi. Ni kuwa titin nan shi ne hanyata ta kai kaya kasuwa, kuma tumatirin ya fara ja. Nunannen tumatir ba ya jiran mutum kwana uku.

Sai aka yi shela cewa ranar Laraba za su zauna a Kura, kowa ya kai nasa a duba a ba shi takarda.

Mashin ɗina ya tsufa. Sai an buga masa kik sau bakwai yake tashi, giya ta biyu tana fita da kanta, hon kuma sai ya ga dama. Ban taɓa wanke shi ba, domin abin da kullum yake kan kunyar gona, wa zai ɓata sabulu a kansa? Amma ranar Laraba da hantsi na ce ba za a kai shi gaban hukuma da dauɗa ba. Na tura shi har cikin kanal, na sa soso da garin sabulu.

Ɗan kawuna, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tawa, ya bar ban-ruwa ya zo ya tsuguna a bakin kanal. Abokin wasana ne, bakinsa ba ya hutawa.

"Ɗan gwaggo, wankan gawa ake yi? Ka faɗa min in kira liman."

"Wankan ango ne. Jira ka gani."

Da laka ta fara fita, sai na ga ashe ita ce ke rufa mana asiri. Salansa ta bayyana da huji uku. Murfin gefe ya saki ya bi ruwa, sai da na bi shi da gudu. Lambar baya ta fito tas, karon farko da na karanta ta da kaina tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci, na karanta ta da ƙarfi har sau biyu. Ɗan kawuna ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Duk da haka shi ya kawo gwangwanin madara da waya muka naɗe salansar, ya kuma kwance madubin mashin ɗinsa ya ara min.

Da ya bushe sai na ga fentin ya yi fari fat kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Na ɗauko man injin ban-ruwa na shafe shi tun daga tanki har cibiyar tayoyi. Inda tsumma bai shiga ba, na tsiyaya. Ya yi ta ƙyalli, har ni kaina na ja baya ina kallo. Don kada ƙura ta ɓata wannan ado, ban hau ba. Turawa na yi har Kura, ina gaida mutane, suna tambaya ko sabo na saya.

Mai dubawar dogo ne, da farar riga da biro a kunne, ga layi ya yi tsawo, ga rana. Da aka zo kaina ya zagaya mashin ɗin sau ɗaya.

"Malam, kai ne na farko da ya kawo mana abu mai tsafta yau. Tayar."

Na yi bisimilla na buga. Bugu ɗaya ya tashi, abin da bai taɓa yi ba. Hon ya yi kuka, fitila ta kama. Ya ce in taka birki. Na taka a tsaye, jar fitilar baya ta haska, ya gyaɗa kai ya sa hannu.

"Na gode, yallaɓai," na ce. Na ninke takardar na sa a cikin hula.

Murna ta sa na hau na ba shi wuta. Ina tafe ina waƙa, ina ɗaga wa waɗanda ban sani ba hannu. A gangaren da ke kusa da wani injin gyaran shinkafa, garken shanu ya fito zai tsallaka hanya. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa. Na matse na hannu, shi ma kamar na matse dafaffiyar kuɓewa. Shanu a gaba, kanal a hagu, a dama kuma tsibin ɓuntun shinkafa ya kai tsayin ɗaki. Na zaɓi ɓuntu.

Na nutse har ƙirji. Ma'aikatan injin suka zaro ni ina tari ina dariya, hannuna ɗaya dafe da hula. Makiyayin ya leƙo ya ce, "Sannu, Malam," ya kora shanunsa.

Na tura mashin ɗin wurin bakanike, ya buɗe cibiyar taya ya nuna min. Mai ya jiƙa birkin sharkaf, kuma ko ba mai, abin da ke kama tayar ya cinye saura ƙarfe.

"Da me kake tsayawa duk shekarun nan?"

Na duba takalmana da ƙasansu ya cinye. Shi ma ya duba. Na nuna masa takardar, ya ce ita ma tana da kyau, amma in bar mashin ɗin zuwa la'asar. Ya sa sabon birki gaba da baya.

Washegari na ɗaure kwando biyu na hau titi. Daga nesa wani mai farar riga ya ɗaga hannu. Na taka, mashin ya tsaya cak a gabansa, har kwandunan suka dungure min baya. Ya karanta takardar, ya miƙo min, ya ce in wuce. Kafin rana ta yi zafi tumatirina yana kasuwa.