Mai Zumar da Aka Hana Ragi

A kasuwar Tuzla da safen nan akwai wani dattijo mai zuma, dogo, bayan hannunsa duk tabon harbin ƙudan zuma. Kwalabensa sun sha sababbin takardu masu ruwan zinari kamar na kantin turare, shi kuwa yana tsaye a bayansu kamar wanda aka ba ajiya. Da gani, wani mai karatun kasuwanci ne ya shirya masa su.

Wata mata tana taya kwalba ɗaya, yana girgiza kai. Tana juyawa za ta tafi, wata mai sayar da cuku da ke gefensa ta ce, "Haba maƙwabci, cinikin farko za ka bari ya wuce? Ka rufe ranarka ke nan."

"'Yata Nermina ta ce ko sisi kada in rage. Wai ragi yana zubar da darajar kaya."

"Nermina ce za ta tsaya nan har la'asar?"

Matar da ta yi tayin ta kusa ƙofar kasuwa. Sai ya ɗauki kwalba, ya sa farce ya ɓare takardar zinarin tas, ya ɗaga murya.

"Baiwar Allah, dawo. Wannan tawa ce, ba ta Nermina ba."