Hancin Giwar Kawu Sale

Kun dai san Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ba ya fita sai da gashin kaza soke a hularsa. Baƙo zai ɗauka laƙani ne. Ina! Kayan aiki ne. Kafinta ne a Ƙanƙara, amma gado da kujera na neman tuwo ne kawai. Zuciyarsa tana wurin akwatin sifika, a akwatin ma wurin bututun nan da iska ke fita, wanda yake kira hanci. Sai ya kunna kiɗa ya kara gashin a bakin hancin. In gashin ya yi rangaji, lafiya lau. In ya kama karkarwa, sai ya girgiza kai ya ce, "Wanga minshari shike."

Abin da ba mu gane da wuri ba shi ne kunnensa ya fara tafiya, gashin ne ke ji masa. Ga shi ya yi rantsuwa cewa babban akwatin da yake ginawa ba zai yi magana a gaban jama'a ba sai ranar bikina, kuma da kunnensa zai ji.

Wata rana mun je suna a garin Sheme, an ɗauko mai kiɗa da manyan sifikoki. Ana tsakar rawa Kawu ya ratsa mata ya durƙusa gaban akwati da gashinsa.

"Baba, lafiya?" in ji mai kiɗan.

"Ni lahiyata lau. Akwatinka ne mura ta kama. Hanci kamar na ɓera, ina iska za ta bi?"

"Daga kamfani fa ya zo a haka."

"To ka maida masu su hyace mashi majina."

Ranar ko tuwon suna ba mu tsaya ci ba.

Wadda ta fi kowa shan wahalar hancin nan ita ce matarsa, Inna Hajo. Wai dole bakin bututu ya buɗe kamar na kakaki, ciki da waje, don iska ta fita ba gardama. Sai ya gasa bututun roba a murhunta, in ya yi laushi ya danna shi a bayan ƙoƙonta. Ludayi ya yi kaɗan, ƙwarya ta yi yawa, haka ya bi kayan girkinta ɗaya bayan ɗaya yana gwaji, fura duk ta koma warin roba. Da ta gaji sai ta ce, "Malam, tunda ka iya gyaran minshari, ga murhu ga ƙoƙo, kawo naka hancin mu hwara da shi." Kawu, wanda minsharinsa ke tashin awaki, ya ce shi nasa rugugi ne mai tsabta.

Sai kuma wata fitinar. In ka faɗaɗa hanci, in ji shi, dole ka ƙara masa tsawo, in ba haka ba kaurin sautin ya gudu. Ya faɗaɗa, ya ƙara. Ya sake faɗaɗawa, ya sake ƙarawa. Ƙarshe bututu ya ƙi zama a cikin akwati, ya leƙo waje ya lanƙwaso ƙasa. Daga nan unguwa ta sa wa babban akwatin nan nasa suna Giwa. Kazar Inna kuwa ta ga ɗaki kyauta, ta shige ta yi ƙwai. Kawu ya hana a kunna har ta ƙyanƙyashe, yana ta alfahari: "Kun gani ko? Hancin da kaza ta kwana ciki ai ya yi hwaɗi." Da ta fito ya fige mata gashi ɗaya, wai haya.

Muna ta dariya, kunne yana ta tafiya. Kafin a sa ranata sai ka yi masa ihu yake juyowa. Daga baya ihun ma ya daina aiki.

Ranar wunin bikina aka turo Giwa a kura har tsakar gida. Kawu ya kunna. Wallahi ban taɓa jin sauti irinsa ba: ba kunne yake bi ba, ƙirji yake duka, ruwan randa har rawa yake. Mata suka ɗau guɗa. Kawu ya durƙusa ya kara gashin, gashi ya yi rangaji a hankali. Ya dafa akwatin da tafin hannunsa, ya daɗe a haka, sannan ya ɗago ya kafa wa bakina ido.

"Binta, kar ki ɓoye mani. Tana minshari?"

Na girgiza kai. Ko na yi magana ba ji zai yi ba.

"To ki ji mani da kyau," ya ce, ya soke gashinsa a hula.

Har yau ina ji maka, Kawu. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka. Kai da ka tsani matsi, Allah ya faɗaɗa maka kabarinka, ya jiyar da kai sallamar mala'iku da kunnenka. Amin.