Ƙwayar Tsayar da Jini da Na Ba Yayata

A lokacin da abin ya faru ban daɗe da gama sakandare ba, ina aiki a wani kemis a unguwar Nasarawo, ni kaɗai a ɗakin haya. Wata takwas kacal na yi a shagon, amma har matan unguwa sun fara kirana malamar asibiti, ni kuma kaina ya ɗauki zugar.

Sai ga yayata ta iso daga Borno da jaririya 'yar sati biyu. An kai hari garinsu, mijinta ya bi wata hanyar, ita kuma ta yi kwana biyu a bayan babbar mota, ƙafafu a naɗe, ba halin miƙewa. Jinin biƙi bai ɗauke mata ba, ga ƙafarta ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, ta yi zafi rau. Na ce mu tafi asibiti. Ta ce ba za ta bi ta shingen sojoji ba, ba ta da katin shaida, kuma tana buɗe baki za a gane inda ta fito. Sai ta yi dariya ta ce to ina amfanin likitar gidanmu, ko duk karatun nawa a sayar da maganin ciwon kai ya ƙare? Wallahi wannan zolayar ce ta ci ni.

Akwai wata ƙwaya da muke ba mata masu yawan zubar jinin al'ada. Ita na ɗauko mata, sau uku a rana. Ƙafar kuwa na ce gajiya ce, kullum ina murza mata da man zafi. Jinin ya ragu, har ta sa min albarka. Rana ta biyar tana shanya kayan jaririya sai ta dafe ƙirji, ta ce auta, numfashina. Keke napep ɗin da ya ɗauke mu zuwa asibiti ko tsayar da shi ba a yi ba a shingen.

Likitar da ta karɓe mu ta tambayi abin da ta sha, na faɗa. Ta zaunar da ni ta ce haihuwa da doguwar tafiyar ne suka daskarar da jini a ƙafar. Ta ce Allah ya sa wasu abubuwa a bangon jijiya masu riƙo da kuma tayar da sinadarin da ke narkar da gudan jini, ita kuwa ƙwayar aikinta shi ne ta hana wannan sinadarin kama gudan. Mai kumburi irin wannan ba a ba shi ita, ba a kuma murza wurin. Gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Ta ce ba za ta rantse cewa ni ce sila ba. Yaya ta rasu kafin la'asar.

Dangin mijinta suka zo daga unguwar Gabukka suka karɓi jaririyar, suna ta yi min godiyar jinya. Har yau babu wanda na gaya wa maganar ƙwayar. Na bar aikin kemis. Idan aka yi sallama a ƙofata sai in ga kamar an zo tambayata ne.

Na gane cewa sanin sunan magani daban, sanin jikin mai shan sa daban. 'Yan'uwana masu tsayuwa a bayan kantar kemis, idan mai jego ta zo da ƙafa ɗaya a kumbure, kada ku miƙa mata komai. Ku kama hannunta ku kai ta asibiti, ko da za ta yi fushi da ku.